Ettore Bugatti: baƙon da ya ƙera wa Faransa motocin tsere

Motoci biyu ne masu tambari ɗaya, kuma daga gari ɗaya suka fito, wato Molsheim da ke yankin Alsace a gabashin Faransa. Ta farko ita ce Bugatti Type 35, wadda ta fara shiga tsere a 1924. Nauyinta kimanin kilo 750 ne, ba rufi, ba ƙofa, mutum biyu take ɗauka, su ma a matse. Ta biyu ita ce Bugatti Chiron da aka fitar a 2016. Nauyinta ya kusa tan biyu, injinta na da ƙarfin doki 1,500, farashinta kuma ya fara daga Yuro miliyan 2.4, wato sama da miliyar ɗaya da rabi na kuɗin sefa.

Masu sha'awar motoci kan jera su su yi ta gardama a kan wadda ta fi cancantar sunan da ke goshinta. Wasu na bayan tsohuwar, wadda aka sha kwancewa ana ɗaurawa, aka sake mata sassa sau da dama, amma har yau tana tsere. Wasu kuma na bayan sabuwar, mai wuce kilomita 400 a awa guda. Mai sunan dai bai ga sabuwar ba, domin ya rasu tun 1947. Sai dai rayuwarsa ta nuna abin da ya ɗauka da muhimmanci a jikin mota. Ta kuma nuna yadda mutum zai shafe kusan shekara 40 yana aiki a wuri ɗaya, iyakar ƙasa ta riƙa tsallake shi tana dawowa, har a ƙarshe a ce masa shi baƙo ne.

Ɗan gidan masu aikin hannu

An haifi Ettore Arco Isidoro Bugatti ranar 15 ga Satumba 1881 a birnin Milan na ƙasar Italiya. Mahaifinsa, Carlo Bugatti, sanannen mai tsara kayan ɗaki ne, wanda kujerunsa da teburansa ke ɗauke da adon tagulla da fata da zane irin na ƙasashen Larabawa. Kakansa magini ne kuma mai sassaƙa. Ƙanensa Rembrandt ya shahara wajen zuba siffofin dabbobi da tagulla. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma Ettore ya gane da wuri cewa ƙanen nasa ya fi shi hannu a zane da sassaƙa, don haka ya juya ga ƙarfe da inji.

Yana ɗan shekara 17 ya shiga koyon aiki a kamfanin Prinetti & Stucchi da ke Milan, masu ƙera kekuna da babura masu ƙafa uku. Bai yi karatun injiniya ba. Abin da ya sani, a bakin aiki ya koye shi, da ido da hannu. Ba a jima ba ya ɗora inji biyu a kan babur mai ƙafa uku ya shiga tsere da shi. A 1901 motar da ya ƙera da tallafin wasu masu hali ƴan gidan Gulinelli ta samu lambar yabo a baje kolin Milan.

Wannan mota ce ta ja hankalin kamfanin De Dietrich da ke Niederbronn a Alsace. A lokacin Alsace na hannun Jamus, wadda ta ƙwace yankin daga Faransa bayan yaƙin 1870 zuwa 1871. Da aka zo sa hannu kan kwangila a 1902, Ettore bai cika shekara 21 ba, sai mahaifinsa ne ya sa hannu a madadinsa. Daga nan ya yi aiki da Émile Mathis a Strasbourg, sannan a 1907 ya koma kamfanin Deutz da ke birnin Kolon na Jamus. A shekarar ce ya auri Barbara Mascherpa Bolzoni.

A Kolon, da rana yana zana wa iyayen gidansa manyan motoci masu nauyi kamar yadda ake yayi a zamanin. Idan ya tashi aiki kuwa, sai ya sauka ɗakin ƙasa na gidansa yana haɗa wata ƴar ƙaramar mota ta kansa. Ita ce Type 10, mai nauyin kilo 365 kacal. Ya yi mata laƙabin da ke nufin ƙaramin doki mai asali, saboda son da yake wa dawaki. Tunanin da ya gina sunansa a kai yana cikin wannan motar: duk kilon da aka rage wa mota, tamkar ƙarfi aka ƙara mata ba tare da an taɓa inji ba.

Tsohuwar marina a Molsheim

A ƙarshen 1909 ya bar Deutz, ya ɗauki hayar wata tsohuwar masana'antar rini a Molsheim, kusa da Strasbourg, ya fara ƙera mota da sunansa. Ta farko ita ce Type 13, ƙanwar wadda ya haɗa a ɗakin ƙasa. A 1911 makanikensa kuma na hannun damansa, Ernest Friderich, ya shiga babban tseren da aka yi a Le Mans da ita. Injinta bai kai lita ɗaya da rabi ba, alhali Fiat ɗin da ta zo ta ɗaya na da inji mai kimanin lita 10. Manyan motoci da dama sun lalace a hanya, ƴar ƙaramar ta Molsheim kuwa ta zo ta biyu. Daga ranar aka fara sanin sunan Bugatti.

A wannan tsakanin ne ya zana wata ƙaramar mota mai sauƙin kuɗi, ya sayar wa Peugeot izinin ƙera ta. Ita ce Bébé Peugeot, wadda aka ƙera sama da 3,000 daga 1913 zuwa 1916. Ke nan kamfanin da daga baya ya cika hanyoyin Sahel da 404 da 504 ya taɓa cin moriyar zanen Bugatti.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya riski ɗan Italiya da masana'anta a ƙasar da ke hannun Jamus. Ya binne sassan wasu motocin tsere a kusa da masana'antar, ya kwashe iyalinsa zuwa Milan, daga can zuwa Paris, inda ya shiga zana injinan jiragen sama. Ɗaya daga ciki, mai silinda 16, Amurkawa sun sayi izinin ƙera shi a ƙasarsu. A cikin yaƙin ne, a watan Janairun 1916, ƙanensa Rembrandt ya kashe kansa a Paris yana ɗan shekara 31.

Da aka gama yaƙi Alsace ta koma hannun Faransa. Bugatti ya dawo ya tarar da masana'antarsa a inda ya bar ta, amma a cikin wata ƙasa. Aka tono abin da aka binne, aka haɗa motocin. A 1920 Friderich ya ci tseren ƙananan motoci a Le Mans, a 1921 kuma motocin Bugatti suka kwashe matsayi na ɗaya zuwa na huɗu a Brescia ta Italiya.

Motar da ta yi masa suna

A watan Agustan 1924 ya kai sababbin motoci biyar tseren Lyon. Ranar ba ta yi masa kyau ba. Tayoyi suka riƙa ɓarewa, wadda ta fi ƙoƙari a cikinsu ta ƙare a ta bakwai. Amma waɗanda suka leƙa jikin Type 35 sun ga abubuwan da ba a saba gani ba.

Ƙafafunta, maimakon wayoyin ƙarfe irin na keke da kowa ke amfani da su, zuba su aka yi da alminiyam, masu hannuwa takwas, kuma gangar birki a jikin ƙafar take. Idan aka cire ƙafa a tsakiyar tsere, birki ya bayyana a fili, a duba shi nan take. Sandar da ke haɗa ƙafafun gaba rami ne a tsakiyarta, bakunanta kuma a toshe, don ta yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Injin mai silinda takwas ne a jere, lita biyu, ƙarfin doki kimanin 90, an yi masa siffa mai kusurwa tamkar akwati. Ma'aikata kan kankare fuskokin ƙarfe da hannu har su haɗu daram, ba sai an sa wani abu a tsakani don hana yoyo ba. A gaba kuma ga lagireto mai siffar takalmin doki, wanda har yau da shi ake gane Bugatti daga nesa.

Ya kuma bambanta da abokan hamayyarsa a kasuwanci. Manyan kamfanoni kan ƙera motocin tsere ƴan kaɗan su riƙe wa direbobinsu. Shi kuwa sayarwa yake yi. Duk mai kuɗi zai iya sayen irin motar da direbobin kamfani ke tuƙawa, ya sa mata fitila da lamba, ya tuƙa ta zuwa filin tsere, ya yi gasa, ya koma gida a cikinta. An ƙera kimanin 340, nasarorin da aka lissafa mata kuma sun haura 1,000. Ta ci tseren Targa Florio na duwatsun tsibirin Sisili sau biyar a jere, daga 1925 zuwa 1929. Ta ba Bugatti kambin duniya a 1926. Ita ce ta ci tseren Monaco na farko a 1929, William Grover-Williams na riƙe da sitiyari. A Targa Florio na 1928 wata mace ƴar Chekoslobakiya, Eliška Junková, ta ja gaban maza na wani lokaci kafin ta ƙare a ta biyar.

Tun a hannun mai ita, Type 35 mota ce da ake yi wa gyare-gyare. An ƙara girman injin zuwa lita 2.3 saboda Targa Florio. An ɗora masa na'urar da ke cusa iska da ƙarfi, abin da Bugatti ya daɗe yana ƙi kafin ya amince a 1926. Da aka haɗa biyun sai ƙarfin ya tashi zuwa kimanin doki 140, gudun kuma ya haura kilomita 200 a awa. Wannan ita ce 35B. Daga baya aka sake wa injin kai, aka samu Type 51, wadda Louis Chiron ya ci Monaco da ita a 1931, Achille Varzi kuma ya ci tseren Tunis a shekarar, sannan na Tripoli a 1933. Motocin Molsheim sun shiga Afirka ta wata hanyar ma. A 1929 wani hafsan sojan Faransa, Laftanar Frédéric Loiseau, ya ƙetare Sahara daga Aljeriya zuwa Afirka ta Yamma a cikin Bugatti Type 40.

Maigida

Ma'aikatansa na kiransa Le Patron, wato maigida, kuma Molsheim ta fi kama da gidan sarauta fiye da masana'anta. Akwai bargar dawaki, da ɗakin ajiyar tsofaffin kekunan doki, da masauki na musamman don masu zuwa sayen mota. A 1928 ya sayi wani tsohon gidan ƙasaita, Château Saint-Jean, don karɓar manyan baƙi. Yakan zaga wuraren aiki sanye da kayan hawa da ƴar hularsa mai ƙoƙo, yana duba tsabtar wuri da ta kayan aiki. Ya yi rajistar ɗaruruwan ƙirƙire-ƙirƙire, zanensa kuma ya kai har ga jiragen ruwa da kayan tiyata. Ya ƙera wa ƙaramin ɗansa Roland ƴar ƙaramar Type 35 mai aiki da batir, masu kuɗi suka gani suka nema wa ƴaƴansu, har ta zama haja.

To amma idon da ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya riƙa tauye shi. Abin da bai kwanta masa a ido ba, ko da lissafi ya nuna ya fi, ba ya karɓa cikin sauƙi. Ya riƙe birkin waya shekaru bayan wasu kamfanoni sun koma birkin mai, sai a 1938 aka sauya wa motocinsa. Ya ƙi tsarin da ke barin kowace ƙafar gaba ta yi motsi ita kaɗai, ya nace wa sandarsa. Shi kansa sabon kan injin da ya haifar da Type 51, sai da aka samo motocin tsere biyu na Amurka ƙirar Miller a 1929, aka kwance su aka yi nazari, babban ɗansa Jean ya matsa, sannan uban ya sauko. Zuwa tsakiyar shekarun 1930, lokacin da gwamnatin Jamus ke zuba kuɗi a Mercedes da Auto Union, motocin Bugatti sun daina cin manyan tsere na Grand Prix.

Motar sarakuna da ba sarkin da ya saya

Mutumin da ya yi suna da ƙananan motoci, shi ne kuma ya ƙera ɗaya daga cikin mafiya girma a tarihi. Type 41, wadda ake kira Royale, tsawonta ya haura mita shida, nauyinta kimanin tan uku, injinta lita 12.7. A kan lagiretonta akwai siffar giwa tsaye a kan ƙafafun baya, aikin marigayi Rembrandt. Niyyarsa ya ƙera 25 ya sayar wa sarakunan Turai.

Sai tattalin arzikin duniya ya durƙushe a 1929. Sarki Alfonso na 13 na Sifaniya, wanda ake sa ran zai saya, ya rasa gadon mulki a 1931. Shida ne suka tsaya, uku kawai aka sayar, kuma babu sarki ko ɗaya a cikin masu sayen. Na farkonsu, Armand Esders, attajirin tufafi ne, wanda ya sa aka ƙera masa tasa ba fitilun gaba, domin ba ya tuƙi da dare.

Injin Royale ɗin ne dai ya ceci kamfanin. Bugatti ya zana jirgin ƙasa mai jan kansa, ya sa masa irin waɗannan injina biyu ko huɗu, kamfanonin jiragen ƙasa na Faransa suka saya. Ya fara jigila a 1933 tsakanin Paris da Deauville, a 1934 kuma ɗaya daga cikin jiragen ya yi gudun kilomita 196 a awa. Da kuɗin jirgin fasinja aka ci gaba da biyan ma'aikatan da suka ƙera motar sarakuna.

Jean

An haifi Jean Bugatti a Kolon a 1909, shekarar da aka kafa kamfanin. Ya gaji idon gidan, ya kuma fi uban sauraron injiniyoyi. Shi ya jagoranci aikin Type 57, ya kuma zana samfurinta da ake kira Atlantic, wadda huɗu kawai aka ƙera, kuma yau tana cikin motoci mafiya tsada a duniya.

A 1936 guguwar yajin aiki ta game Faransa, ta iso har Molsheim, ma'aikata suka mamaye masana'antar. Bugatti, wanda ke kallon kansa uba a gare su, ya ɗauki abin a matsayin butulci. Ya tattara ya koma Paris, ya bar wa Jean ragamar aiki, ba ya zuwa sai jefi-jefi. A hannun Jean kamfanin ya ci tseren awa 24 na Le Mans sau biyu: a 1937 da Jean-Pierre Wimille da Robert Benoist, a 1939 kuma da Wimille da Pierre Veyron.

Uban ya hana Jean shiga tsere, amma bai hana shi gwajin mota ba. Daren 11 ga Agusta 1939, Jean ya fita gwada motar da ta ci Le Mans a kan hanyar da ke kusa da ƙauyen Duppigheim. Wani mai keke ya shigo hanyar, Jean ya kauce masa, motar ta daki bishiya. Ya rasu yana ɗan shekara 30. Bayan mako uku Yaƙin Duniya na Biyu ya fara.

Takardar ɗan ƙasa

Da yaƙi ya zo, aka kwashe injinan masana'antar zuwa Bordeaux. A 1940 Jamus ta mamaye Faransa, ta sake haɗiye Alsace. Aka tilasta wa Bugatti sayar da Molsheim a kan farashin da bai kai darajarta ba, ta koma hannun wani Bajamushe, Hans Trippel, mai ƙera wa soja motocin da ke tafiya a tudu da ruwa. Tsofaffin direbobinsa biyu, Benoist da Grover-Williams, sun shiga aikin ɓoye na yaƙi da mamaya. An kama su, aka kashe Benoist a sansanin Buchenwald a 1944, Grover-Williams kuma a Sachsenhausen a 1945. Matarsa Barbara ta rasu a 1944.

Da aka kori Jamusawa, sai wata sabuwa ta taso. Duk shekarun nan Bugatti bai sauya takardunsa ba. Ɗan Italiya ne, Italiya kuwa ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus. Motocinsa sun yi kusan shekara 20 suna tsere da shuɗin fentin Faransa, amma a gaban hukuma shi ɗan ƙasar abokan gaba ne da ya karɓi kuɗi daga hannun ƴan mamaya. Gwamnati ta riƙe masana'antar. A 1946 ya karɓi takardar zama ɗan Faransa, ya auri Geneviève Delcuze, ya kuma tsaya kan shari'a.

A 1947, cikin zirga-zirgar shari'ar, ya ziyarci wurin da Jean ya mutu, ya dawo ba lafiya. Kotun ɗaukaka ƙara ta Colmar ta mayar masa da masana'antar a watan Yuni, amma ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu ranar 21 ga Agusta 1947 a asibitin Amurkawa da ke Neuilly, kusa da Paris, yana da shekara 65. Kabarinsa na Dorlisheim, maƙwabciyar Molsheim, a cikin na iyalinsa. Motocin da aka ƙera a zamaninsa duka-duka kimanin 8,000 ne.

Suna bayan mai shi

Roland da sauran magada sun yi ƙoƙarin tayar da kamfanin, abin bai yiwu ba. A 1963 aka sayar wa Hispano-Suiza, masana'antar ta koma ƙera sassan jiragen sama. Tsofaffin motocin kuwa sai ƙara daraja suke yi. Wasu ƴan'uwa biyu masu masaƙu a Mulhouse, Hans da Fritz Schlumpf, sun tara Bugatti sama da 100 a ɓoye. Da kasuwancinsu ya rushe, ma'aikatansu suka mamaye wurin a 1977, kuma yau shi ne gidan tarihin motoci na ƙasar Faransa. A 1987 an yi gwanjon Royale ɗaya a Landan a kan fam miliyan 5.5.

A shekarar ce wani ɗan kasuwar Italiya, Romano Artioli, ya sayi sunan. Ya gina masana'anta kusa da Modena, ya fitar da EB110 a 1991, daidai cika shekara 110 da haihuwar Ettore, sannan ya karye a 1995. A 1998 kamfanin Volkswagen na Jamus ya saye sunan. Shugabansa, Ferdinand Piëch, ya buƙaci injiniyoyi su ƙera mota mai ƙarfin doki sama da 1,000, mai wuce kilomita 400 a awa, wadda kuma za a iya tuƙawa a cikin gari. Aka gyara Château Saint-Jean, aka gina sabon wurin haɗa motoci kusa da shi.

A 2005 Veyron ta fito da inji mai silinda 16, lita takwas, turbo huɗu, ƙarfin doki 1,001, da gudun kilomita 407 a awa. An ƙera 450. Chiron ta gaje ta, aka ƙera 500. Sunayen biyu duk na direbobin gidan ne na zamanin Ettore. A 2019 wata Chiron da aka yi wa gyara na musamman ta yi kilomita 490 a awa a filin gwaji na Ehra-Lessien a Jamus. Tun 2021 kuma sunan na ƙarƙashin haɗin gwiwa da kamfanin Rimac na ƙasar Kuroshiya.

Tsohuwa da sabuwa

A lissafin gudu babu gardama. Kowane doki ɗaya na injin 35B yana jan sama da kilo biyar, na Chiron kuwa bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Chiron na tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin kimanin daƙiƙa biyu da rabi. Tana da na'urar sanyaya ciki, da jakunkunan iska masu kare mutum idan an yi karo, da kwamfutocin da ke raba ƙarfi ga ƙafafu huɗu, su gyara kuskuren direba tun bai san ya yi ba. Mai tuƙa 35B ba shi da ko ɗaya daga ciki. Sandar giya da ta birkin hannu a waje suke, ta gefen dama. Zafin inji na dukan ƙafafunsa. Tayoyin sirara ne, suna zamewa a kwana, shi zai tare da hannunsa.

Hanyar da aka bi aka kai ga gudun ce ta bambanta. Ettore na Type 35 ragewa yake yi, injiniyoyin Veyron kuwa ƙarawa suka yi. Babban inji na haifar da zafi, zafin ya buƙaci lagireto goma, su kuma nauyi ne. Nauyin ya buƙaci manyan birki da tayoyi na musamman, sai a sake ƙara ƙarfi don a ja su. Idan aka take Veyron iya gudunta, takan shanye tankin lita 100 cikin kimanin minti 12. Ta wannan fuska, sababbin sun fi kama da Royale fiye da Type 35, har ma a irin mutanen da aka ƙera su dominsu. Bambancin shi ne, a wannan karon an samu masu saye. A 2019 an sayar da wata guda ɗaya tilo, La Voiture Noire, da aka ƙera don tunawa da baƙar Atlantic ta Jean wadda ta ɓace a lokacin yaƙi, a kan Yuro miliyan 11 kafin haraji, sama da miliyar bakwai na sefa.

Sai kuma batun gyara. Type 35 da hannu aka yi ta, don haka hannu na iya sake yin ta. Da yawa daga cikin waɗanda suka rage an sake musu sassa: wata an ɗora mata na'urar cusa iskar da ba ta fito da ita ba, wata an zuba mata sabon inji, wata jikin ne aka sake bugawa. Akwai masu sana'a a Turai da ke ƙera sassanta sababbi, a garin Paraná na Ajantina kuma kamfanin Pur Sang na ƙera motar sukutum bisa tsohon tsari. Shi ya sa a wajen gwanjo ake tsananta bincike kan lambar shasi da tarihin mota, domin tazarar farashi tsakanin ta asali da kwaikwayo ba kaɗan ba ce. Chiron kuwa ba a buɗe ta da sifana da basira kawai. Sai wanda kamfani ya horar, da kwamfutar kamfani, da sassan kamfani. Makaniken Maradi ko Garwa ko Ndjamena da ya saba raya tsohuwar 504 da abin da ya samu, da zai tsaya gaban injin Type 35, ba zai jima ba zai gane kowane sashe da aikinsa.

Tsofaffin har yau ba su yi ritaya ba. Ana ganinsu a tseren tsofaffin motoci da ake yi a titunan Monaco duk bayan shekara biyu, da kuma a tudun Prescott na Ingila, mallakar ƙungiyar masu Bugatti da aka kafa tun 1929. Kowane watan Satumba, a kusa da ranar haihuwar Ettore, masu motocin kan taru a Molsheim. Sukan je maƙabartar Dorlisheim su ajiye furanni a kabarin iyalin, sannan su zaga ƙauyukan Alsace a jere, masu shekara ɗari da ƴan shekaran jiya a kan hanya ɗaya.